Jini ya dawo amma tsugune ba ta ƙare ba: abin da ke kashe nama bayan an buɗe jijiyar da ta toshe

A shekarar 1941, lokacin da jiragen yaƙin Jamus ke ruwan bama-bamai a birnin Landan, wasu likitoci biyu, Eric Bywaters da Desmond Beall, sun wallafa rahoto kan wani abu da ya ɗaure musu kai. Mutanen da gini ya danne wa ƙafa ko hannu na tsawon sa'o'i, idan aka zaƙulo su sai a gan su garau, suna magana, babu wani mummunan rauni a bayyane. Can bayan wasu sa'o'i sai gaɓar ta kumbura, jiki ya yi sanyi, fitsari ya ragu ya koma launin baƙin shayi. Cikin kamar mako guda ƙoda ta daina aiki, mutum ya rasu. Baraguzan ba su kashe su ba a lokacin da suke kansu. Sai da aka ɗaga nauyin, jini ya sake ratsa naman da ya lalace, ya kwaso dafin da ya taru a cikinsa ya watsa wa sauran jiki.

Shekaru kusan ashirin bayan haka, a 1960, wani likitan binciken gawa da nama a Shikago ta Amurka, Robert Jennings, ya ga irin wannan abu a zuciyar karnuka. Ya ɗaure jijiyar da ke shayar da tsokar zuciya na ɗan lokaci, sannan ya kwance. Da ya duba naman a madubin likita sai ya tarar ƙwayoyin halittar da suka jigata sun tarwatse da sauri bayan dawowar jinin, fiye da yadda suke lalacewa idan an bar jijiyar a ɗaure. Daga nan aka fara maganar raunin dawowar jini. Masu karanta takardun asibiti da Faransanci za su ci karo da sunan ischémie-reperfusion, to shi ke nan.

Tun da wuri ya kamata a kawar da wata mummunar fahimta. Babu likitan da ke cewa a bar jijiya a toshe. Naman da jini bai koma masa ba mutuwa zai yi gaba ɗaya. Abin da ake cewa shi ne, maganin da kansa yana zuwa da tasa ɓarnar, kuma gwaje-gwajen da aka yi a kan dabbobi sun nuna wannan ɓarna ta biyu tana iya kaiwa rabin duk naman zuciyar da ya mutu a ƙarshe.

Abin da ke faruwa kafin jinin ya dawo

Kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana da wasu 'yan ƙananan injina a cikinta da ake kira mitokondiriya. Aikinsu ƙona abinci da iskar oksijin domin samar da makamashi. A tsokar zuciya, wadda ba ta hutu dare da rana, waɗannan injina sun cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na girman ƙwayar.

Da zarar gudan jini ya toshe jijiya, oksijin ya yanke, injinan sun tsaya. Ƙwayar sai ta koma ƙona sukari ba tare da iska ba, hanyar da ke ba da ɗan makamashi kaɗan, ta kuma tara tsami. Domin ta rabu da tsamin sai ta riƙa fitar da shi tana shigo da gishirin sodiyam a madadinsa. Famfunan da ya kamata su kwashe wannan gishiri ba su da ƙarfin aiki. Ruwa ya bi gishiri, ƙwaya ta kumbura. A ƙoƙarin rage gishirin kuma sai ta shigo da kalsiyam, wanda yawansa a cikin ƙwaya guba ne.

Duk da haka ba nan take take mutuwa ba. Jennings da abokin aikinsa Keith Reimer sun nuna cewa tsokar zuciyar kare tana iya farfaɗowa sarai idan jini ya dawo kafin kimanin minti 20. Daga nan mutuwa ke farawa daga ɓangaren ciki na bangon zuciya, tana cin gaba zuwa waje sannu a hankali kamar gobarar daji, har cikin sa'o'i shida ta ratsa mafi yawan kaurin bangon. Ƙwaƙwalwa ba ta da wannan haƙuri. Wani lissafi da aka wallafa a 2006 ya kiyasta cewa idan babbar jijiyar ƙwaƙwalwa ta toshe, wato shanyewar ɓarin jiki da a ƙasashe masu Faransanci ake kira AVC, mutum na asarar ƙwayoyin jijiya kusan miliyan 1.9 a kowane minti.

Mintocin farko

Duk wanda ke zaune a unguwar da ake yawan ɗauke wutar lantarki ya san ba ɗaukewar ce ke ƙona firji da talabijin ba, dawowarta da ƙarfi ce. Haka abin yake a nan, kuma sai a 2014 aka gano babban ɓangare na dalilin. Masu bincike a Kambirij ta Ingila, ƙarƙashin Michael Murphy da Thomas Krieg, sun auna sinadarai masu yawa a zuciya, ƙwaƙwalwa, hanta da ƙodar ɓeraye. Sun tarar akwai wani makamashin injin mitokondiriya mai suna suksinet da ke taruwa sosai a duka gaɓoɓin nan muddin babu iska. Oksijin na dawowa, injin sai ya ƙone wannan tarin cikin 'yan mintoci, da gaggawar da ta fi ƙarfinsa, har wani sashe nasa ya juya da baya yana feso tartsatsin oksijin. Wannan tartsatsi wani nau'in oksijin ne maras natsuwa, mai cin kitse, furotin da ƙwayoyin gado, duk abin da ya taɓa.

A daidai lokacin kuma sabon jini yana wanke tsamin da ya taru. Mai karatu zai ce ai wannan alheri ne. To, a nan gizo ke saƙar. A bangon mitokondiriya akwai wata ƙofa da yawan kalsiyam da tartsatsin oksijin ke buɗewa, tsami kuwa shi ke riƙe ta a rufe. Andrew Halestrap da Elinor Griffiths na jami'ar Biristol sun nuna a 1995 cewa ƙofar tana nan a kulle duk tsawon yankewar jini, sai a mintocin farko na dawowarsa take buɗewa. Idan ta buɗe, ruwa ya kwarara cikin injin, ya kumbura ya fashe. Maimakon samar da makamashi sai ya koma cinye ɗan wanda ya rage. A tsokar zuciya kuma, haɗuwar kalsiyam mai yawa da sabon ƙarfi na sa zaren tsokar ya ƙanƙame da tsanani har ƙwayar ta yage kanta.

Sauran ɓarnar tana biyo baya cikin sa'o'i da kwanaki. Abin da ya zubo daga fasassun ƙwayoyi yana kiran fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki, su kuma su zo su yi ta ɓarin wuta har a kan maƙwabta masu sauran rai. Ƙananan jijiyoyi masu siririn gashi suna kumbura su cushe, ta yadda likita zai buɗe babbar jijiya, ya ga ta buɗe a hoto, amma jinin bai isa can cikin naman ba.

Mutuwa ba iri ɗaya ba ce

An daɗe ana ɗaukar cewa ƙwayar halitta hanya biyu take mutuwa. Ko dai ta fashe kamar salkar da aka cika fiye da kima, ta ɓata wurin, ko kuma ta mutu cikin tsari: ta motse, ta yanyanka kanta ta ƙulle a ƙananan ƙunshi, maƙwabta su haɗiye ba tare da hayaniya ba. Wannan ta biyun ita ce wasu masana uku a Abadin ta Sikotland suka raɗa wa suna afoftosis a 1972. Ta farkon ana ganin hatsari ce kawai, ba abin da za a iya yi a kai.

Binciken shekaru ashirin da suka wuce ya rushe wannan rabo. A 2005 ɗakin binciken Junying Yuan a jami'ar Harvard ya nuna cewa ita ma fashewar tana iya zama da tsari, akwai furotin da ke ba da umarninta, kuma da aka toshe umarnin da wani sinadari sai raunin ƙwaƙwalwar ɓeraye ya ragu. A 2012 kuma ɗakin binciken Brent Stockwell a jami'ar Kolombiya ta New York ya bayyana wata mutuwar da sinadarin ƙarfe ke hurawa, inda kitsen bangon ƙwaya ke lalacewa kamar yadda man girki ke ɓaci idan ya daɗe a buɗe. An ga hannun wannan a raunin ƙoda da na zuciya. Muhimmancin duk wannan a fili yake: abin da ke da makunni ana iya neman hanyar kashe shi. Matsalar ita ce makunnan suna da yawa, kuma sau da dama idan aka toshe hanya ɗaya ƙwayar sai ta bi wata.

Maƙeran cikin gida

Yanzu mu zo ga ɓangaren da ya fi rikitarwa, wanda a ganina shi ya fi ban sha'awa. Ƙwayar halitta tana da nata 'yan jari-bola da nata maƙera. Idan wani abu ya tsufa ko ya lalace a cikinta, ko furotin ne ko injin mitokondiriya sukutum, sai ta naɗe shi cikin wata jaka mai ruɓi biyu, ta kai jakar wurin wata 'yar tukunya mai tsami da ake kira lizozom, a narkar da kayan, a sake ƙera sabo da abin da ya fito. Kamar dai yadda maƙera ke narkar da tsofaffin gwangwanaye su zuba tukunya. Christian de Duve, ɗan ƙasar Beljiyam da ya gano lizozom, shi ya raɗa wa wannan aiki suna otofaji a 1963, daga kalmomin Girkanci masu ma'anar cin kai. Bayanin yadda ake yinsa dalla-dalla kuwa sai a farkon shekarun 1990 ya samu, daga aikin Yoshinori Ohsumi na Japan a kan yis ɗin burodi, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2016.

Lokacin da jini ya yanke, wannan tsari ceto ne. Ƙwayar da ba abinci ke zuwa mata ba tana cin abin da za ta iya rayuwa ba tare da shi ba, kamar magidancin da ke sayar da 'yan awaki a shekarar fari domin ya tsira da shanun noma. Tana kuma tsince injinan da suka fara yoyon tartsatsi ta narkar da su tun kafin su kunna wa gidan wuta.

Abin mamaki ya zo a 2007 daga ɗakin binciken Junichi Sadoshima a jihar New Jersey. A ɓerayensu, hana otofaji a lokacin yankewar jini ya ƙara kashe ƙwayoyin zuciya, kamar yadda aka zata. Amma a lokacin dawowar jini sai lamarin ya juya: ɓerayen da aka rage musu wani furotin mai suna Beclin 1, wanda ke kunna ɗinkin jakunkunan, raunin zuciyarsu ya fi ƙanƙanta. Tsari ɗaya, a zuciya ɗaya, yana ceto da safe yana kisa da rana.

Wasu sun fassara haka da cewa ƙwayar ta ci kanta ne fiye da kima. Wani bincike na 2012 daga Sen Luwis ta Amurka, ƙarƙashin Abhinav Diwan, ya kawo bayanin da ni dai ya fi gamsar da ni. Sun ga cewa bayan dawowar jini ana ta ɗinka jakunkuna ana cika su, amma furotin ɗin da ke haɗa jaka da tukunyar narkarwa ya ragu sosai. Wato 'yan jari-bola na ta kawo kaya, maƙera kuwa wutarsu ta mutu. Buhuna suka cika gida, a cikinsu har da lalatattun injina masu ci gaba da feso tartsatsi. Wanda ya leƙa ya ga tarin buhuna zai ce aiki ya yi yawa, alhali aiki ne ya tsaya. Wannan kuskuren ƙirga ya rikita binciken fannin na tsawon shekaru, domin yawan jakunkuna a madubin likita ba ya gaya maka ko ana narkar da su.

A nan ya kamata a ɗan ja hankalin masu bin shafukan sada zumunta. Tun bayan kyautar Ohsumi ake ta yaɗa bidiyo cewa ƙin cin abinci na sa'o'i kaza yana kunna otofaji ya warkar da kusan kowace cuta. Aikin da aka ba shi kyauta a kansa a kan yis ne. Kuma abin da ke sama ya isa ya nuna cewa ƙarin otofaji ba kullum yake zama alheri ba, ya danganta da lokaci da kuma ko aikin yana kaiwa ƙarshe.

Daga ɓera zuwa gadon asibiti

A 1986 Charles Murry, Jennings da Reimer, a jami'ar Duke, suka yi wani gwaji da ya girgiza masana. Sun ɗaure jijiyar zuciyar kare na minti biyar suka saki na minti biyar, sau huɗu, kafin su ɗaure ta na minti 40. Naman da ya mutu ya sauko daga kusan kashi 29 cikin ɗari na yankin da ke cikin hatsari zuwa kusan kashi 7. Ɗan horon da aka yi wa zuciyar ya shirya ta. Daga baya aka ga ko hannu aka matse aka saki da robar awon jini, saƙon kariya na iya isa zuciya. Hanya ce mai arha da kowace ƙaramar likita za ta iya yi, shi ya sa aka ɗora mata buri. A 2019 aka fitar da sakamakon gwajinta a kan masu bugun zuciya fiye da 5,000 a Birtaniya, Denmak, Sifen da Sabiya. Ba ta rage mutuwa ko gazawar zuciya ba.

Haka ta faru da siklosforin, maganin da ake ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, wanda aka san yana hana ƙofar nan ta mitokondiriya buɗewa. Tawagar Michel Ovize ta birnin Liyon a Faransa ta gwada shi a kan mutum 58 a 2008, sakamakon ya yi kyau. Da aka faɗaɗa gwajin zuwa mutum 970, sakamakon da ya fito a 2015 bai nuna wani amfani ba. Magungunan kashe tartsatsin oksijin da na rage kumburi su ma sun sha faɗuwa a irin wannan jarrabawa.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Ɓeran gwaji matashi ne mai lafiya, an san minti da aka toshe masa jijiya da minti da aka buɗe. Majinyacin gaske dattijo ne mai ciwon sukari ko hawan jini, yana shan wasu magunguna, kuma ba wanda ya san takamaiman lokacin da jijiyarsa ta toshe. Ga shi ɓarnar tana aukuwa ne a mintocin farko, sai maganin ya riga jinin isa wurin. Akwai kuma cewa majinyatan Turai da aka yi gwajin a kansu suna isa asibiti da wuri, a buɗe musu jijiya da waya, kaɗan ne ke mutuwa, don haka da wuya a ga ƙarin amfani. Wannan tunani ne ya sa masana a jami'ar Cape Town suka tsara sake gwada matsar hannun a ƙasashen Afirka, ciki har da Sudan, inda mutane ke zuwa a makare kuma allurar narkar da gudan jini ce galibi ake da ita.

Darasi ɗaya dai ya riga ya shiga aikin yau da kullum. Da, duk mai bugun zuciya sai a ɗora masa oksijin. Bayan manyan gwaje-gwaje a Ostareliya da Suwidin, yanzu ƙa'ida ita ce sai idan iskar da ke jininsa ta yi ƙasa da kashi 90 cikin ɗari.

Inda abin ya shafe mu kai tsaye

Masu amosanin jini, wato sikila, suna rayuwa da wannan rauni a kai a kai. Jajayen ƙwayoyin jininsu masu siffar lauje suna toshe ƙananan jijiyoyi, su buɗe, su sake toshewa, kowane zagaye da nasa tartsatsin da kumburin. Wannan na cikin abin da ke cinye saifa tun yaro yana ƙarami, ya kuma ci ƙoda da kan ƙashin ƙugu sannu a hankali, ko a ranakun da babu zafin ciwo.

Sai ɗaure gaɓa tamau da igiya ko robar taya bayan saran maciji, al'adar da ta zama ruwan dare a karkara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana. Ɗaurin ba ya hana dafin yin aikinsa a wurin saran, yana dai kashe naman ƙasa da shi, garin neman gira a rasa ido. Idan an riga an ɗaure kuma an jima, kada a kwance farat ɗaya a gida, a bar wa ma'aikatan asibiti su sassauta bayan sun shirya. Wannan dabam yake da ɗaurin tsayar da jinin da ke tsartuwa daga babban rauni, wanda ke ceton rai. Ko a nan a riƙe lokacin da aka ɗaura, domin likitocin tiyata kansu ba sa son ɗauri ya wuce kimanin sa'o'i biyu.

Rushewar gini da ruftawar ramin haƙar zinariya kuwa su ne ainihin abin da Bywaters ya gani. Naman da aka danne yana sakin fotasiyam, wanda ke iya tsayar da zuciya jim kaɗan bayan an ɗaga nauyin, da wani jan furotin na tsoka da ke toshe ƙoda. Ƙwararrun masu ceto suna fara ƙarin ruwan gishiri ta jijiya tun mutum yana ƙarƙashin baraguzai idan hannu na iya kai wa gare shi. Inda babu su, ba za a jira ba, a ciro shi da gaggawa, amma a wuce da shi asibiti ko da ya miƙe da ƙafarsa yana cewa lafiyarsa ƙalau, a kuma sa ido kan yawan fitsarinsa da launinsa.

Ga mai ciwon ƙirji mai danna kamar an ɗora dutse, ko wanda bakinsa ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, tambayar farko da za a yi wa 'yan rakiya a asibiti ita ce ƙarfe nawa abin ya fara. Ba don cika takarda ake yinta ba. Allurar narkar da gudan jini ta fi amfani ga zuciya a sa'o'i biyu zuwa uku na farko, bayan sa'o'i 12 kuma ba a cika bayar da ita ba. Ga ƙwaƙwalwa iyakar da aka saba bi sa'o'i huɗu da rabi ce, kuma sai an ɗauki hoton kai an tabbatar ba fashewar jijiya ba ce, domin jinin da aka sakar wa naman da ya riga ya mutu yana iya ɓallewa ya malale a cikin ƙwaƙwalwar. Lissafin kuma ba daga lokacin da aka lura yake farawa ba, daga lokacin ƙarshe ne da wani ya ga mutumin lafiya lau. Wanda ya kwanta ƙarfe goma na dare ya farka da asuba da shanyayyen hannu, agogonsa daga ƙarfe goman ake ƙirga shi.